Rakiyar Malamin Sinanci

Ni malamin tarihi ne, tarihin ma na fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa, abin da ko a mafarki bai haɗa hanya da Asiya ba. Amma a shekarun da farar hula suka dawo mulki, kuɗin mai yana ta kwarara, ko'ina ka juya a Abuja kankare ake zubawa, sai jami'armu ta ga bai kamata a bar ta a baya ba. Baburan da ke kan titi na Sin ne, janareton da ke hana mu barci na Sin ne, tayil ɗin da ake shimfiɗawa a gidajen manya na Sin ne. Aka ce a buɗe sashen nazarin harsuna da al'adun Asiya. Aka duba duk tsangayarmu, aka rasa wanda ya taɓa taka nahiyar in ba aikin Hajji ba, sai ni. Na taɓa zuwa wani taro na 'yan kwanaki a Malesiya, wanda rabinsa a kwance na yi shi a otal saboda cikina bai yarda da abincinsu ba. Da wannan aka naɗa ni shugaban sashe.

Ban yi gardama ba, ƙarya ce in ce na yi. Aka ba ni ofis mai na'urar sanyaya ɗaki da kujera mai juyawa, ni da na shekara da shekaru ina raba tebur da wani malamin falsafa mai cin gyaɗa. Abokan aiki suka laƙaba mini Dakta na Asiya, ina yi kamar ba na so. In rediyo ya ce an yi girgizar ƙasa a Japan, ko an yi zaɓe a Koriya, duk ɗakin shan shayin malamai sai a juyo ana kallona. Ni kuma sai in girgiza kai a hankali in ce, ai dama haka suke. Babu wanda ya taɓa tambayata su wa, ko kuwa yaya suke.

Duk ilimina na Asiya daga wani ɗan littafi ne da na saya a filin jirgi a hanyar dawowa, na koya wa 'yan kasuwa yadda za su yi hulɗa da mutanen can. Abu ɗaya na riƙe a cikinsa kamar karatun allo: ba a tambayar mutumin Asiya abu kai tsaye. In ka tambaye shi, ka sa shi a tsaka mai wuya, domin cewa a'a zubar da mutunci ne a gare shi, kuma ba zai yafe maka ba. Sai dai a yi masa hannunka mai sanda. Wannan ya kwanta mini ƙwarai, domin ni ma haka aka raine ni. A gidanmu ko ƙarin tuwo ba a roƙa, sai dai ka yi ta yabon miya.

Sashen gaba ɗayansa ni ne, da allon sanarwa, da malami guda. Wata jami'a ce a ƙasar Sin ta ba mu aronsa na shekara ɗaya ya koyar da Sinanci. Dattijo ne siriri mai furfura, kullum da farin kambas a ƙafa, kullum da filas ɗin ruwan zafi a hannu, a zafin Gwagwalada da ko ƙadangare neman inuwa yake. Kowa Malam yake ce masa. Shi kuma ya ji masu shara da direbobi suna ce mini Oga, sai ya ɗauka shi ne sunana, ya riƙe. Da Turanci muke magana, nasa a hankali, kalma bayan kalma, da ɗan gaishe-gaishen Hausa da ya tsinta.

Koyarwa kuwa ya iya. Ban da ɗalibanmu na jami'a, ranar Asabar 'yan kasuwar Dei-Dei masu sayar da tayil da kwanon rufi suke cika masa aji, manyan alhazai da wayoyi bibbiyu, suna rera masa ƙirga kamar 'yan firamare. Su ba ruwansu da waƙoƙin da, so suke in sun je sarin kaya kada tafinta ya ci su da baki. Saboda su ne shugabannin jami'a suke nuna sashenmu ga duk baƙon da ya zo. Har ranar al'adun Asiya muka shirya, aka rataya jajayen fitilun takarda, na hau mumbari na yi lacca a kan ɗabi'un mutanen nahiyar, Malam yana zaune a layin gaba yana gyaɗa kai. Na ɗauki gyaɗa kan nan a matsayin shaida. Sai daga baya na lura ko gaishe shi aka yi haka yake gyaɗawa.

Gidajenmu a unguwar ma'aikata ɗaya suke, nasa a can ƙarshe wajen tankin ruwa, nawa a farko, masallaci a tsakani. Mako na farko da zuwansa ya zo gaishe ni da yamma. Da ya tashi tafiya na sa takalmi na raka shi, domin mahaifina ya sha gaya mana wanda ya sallami baƙo daga kan tabarma bai san darajar kansa ba. Na kai shi har ƙofar gidansa, muka yi musabiha, na juya. Ban yi nisa ba sai na ji takun kambas a bayana. Na ce, Malam, lafiya? Ya ce a ƙasarsu ba a barin babba ya koma shi kaɗai. Muka taho har ƙofata. To yanzu shi ne baƙo kuma, ga shi a ƙofar gidana zai tafi, ina zan sa fuskata in bar shi? Na sake bin sa. Da ladan bai kira magariba muna daidai masallaci ba, ban san inda abin zai tsaya ba. Na ce masa salla, ya rusuna, na shige, ya wuce.

Daga ranar abin ya zama mana jiki. Kusan kullum da yamma ko ya zo ko na je, mu sha ruwan zafinsa mai ganye, sannan a shiga rakiya, kai da kawowa, har ladan ya raba mu. Maƙwabta suka sani, matan unguwa suna leƙe ta taga suna dariya. Matata ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin tumbina ya sauka ba sai a wannan shekara. A hanyar nan ya ba ni labarin garinsu mai kogi da hazo, ni kuma na cika masa kunne da fataken goro, yana saurare kamar abin ya dame shi.

Damina ta yi nisa, jarrabawa ta matso, sai shugaban tsangaya ya aiko a kira ni. Mutumin kirki ne, Hausarsa a bariki ya koye ta, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa.

Ya ce, "Dakta, zauna. Wannan Malam naka, time ɗin shi ta kusa ƙare fa. Mutanen shi sun ce ba su da wani da za su aiko. Idan shi da kanta ta yarda ta ƙara shekara, fine, za su bar shi. Idan ba haka ba, ka san committee. Unit babu malami, za su rufe, ka koma history."

Na gyara zama na ce, "Ranka ya daɗe, za a san yadda za a yi."

"Wane za a san? Ka je ka tambaye shi kawai, yes or no."

Na yi murmushi irin na wanda ya san abin da wasu ba su sani ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a yi musu haka. In aka tambaye su kai tsaye an ɓata komai. A bar ni da shi."

Ya ɗaga hannu biyu ya ce, "To, kai ne expert. Amma kafin a gama exam ina son amsa."

Na fito ina lissafi. In Malam ya tafi, ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Ba ofis, ba kujera mai juyawa, ba Dakta na Asiya, sai komawa teburin mai cin gyaɗa. Ɗaliban da suka fara karatun ma na tuna da su, amma gaskiya bayan kujerar na tuna.

Na shiga aiki irin na masana. Da farko na sayi dashen mangwaro na kai masa, muka haƙa rami a ƙofar gidansa tare. Ina tura ƙasa ina cewa irin wannan ba ya daɗewa, baɗi ko baɗin baɗaɗa mutum zai sha abinsa. Ya gyaɗa kai, ya yi godiya sosai. Washegari ya zo mini da fankarsa ta tebur, ya ce in sa a ɗakin yara. Na karɓa ina murna a zuci. Na ce kyauta ta amsa kyauta, magana ta fara shiga.

Na sa tela ya ɗinka masa babbar riga da hula, na ce ta sallar baɗi ce, tare za mu je yawon salla. Ya sa ta, ta yi masa yawa, muka yi dariya. Kwana kaɗan sai ga shi da tukunyar dafa shinkafarsa mai aiki da lantarki, wai matata za ta fi shi amfani da ita. Na kai masa doyar Abaji, na ce ta bana ba komai ba ce, ya jira sabuwar doya mai zuwa ya ga ikon Allah. Ya kawo mini ƙamus ɗinsa babba. Na yi masa zancen rani mai zuwa, da yadda zan kai shi garinmu ya ga rijiyar kakana. Ya turo kekensa har tsakar gida ya ce na babban ɗana ne.

Matata ta tsaya tana kallon keken, hannu a ƙugu. Ta ce, "Dakta, mutumin nan fa kwashe ɗakinsa yake yi."

Na ce, "Ke dai ba ki san al'adunsu ba. A wurinsu in mutum ya fara ba ka kayan da yake amfani da su, ya mai da kai ɗan'uwa ke nan. Wanda ya yi ɗan'uwa a gari ina za shi?"

Ta ce, "Allah ya ba mu ilimi mai amfani," ta koma kicin. Ban ji daɗin yadda ta faɗe shi ba, amma na bar ta da jahilcinta.

Abin da na lura da shi kawai, rakiya ta ƙara tsawo. Da can mukan yi zuwa biyu ko uku ladan ya cece mu, yanzu Malam tun da sauran rana yake zuwa. Mu kai ƙofarsa, ya tsaya, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce bari ya taka mini. Mu kai tawa, in tsaya, maganar ta zo mini har maƙogwaro, sai in tuna littafi, in ce bari in taka masa. Shugaban tsangaya kuwa duk inda ya hango ni sai ya ɗaga gira. Na koma bi ta bayan ɗakin karatu don kada mu haɗu.

Ranar da aka rubuta takardar ƙarshe ta jarrabawa, saƙo ya same ni cewa gobe da safe ana jirana da amsa. A ranar kuma tsautsayi ya sa na saka sabon takalmi sau-ciki da na saya a kasuwar Wuse, mai sheƙi, ƙirar ƙasar su Malam. Ina dawowa daga ofis ban ko cire shi ba sai ga sallamarsa, ana idar da la'asar. Bai zauna ba. Ya ce yau tafiya kawai yake so mu yi.

Muka kama hanya. An yi ruwa da rana, ƙasa tana tururi, iska ta tsaya cik. Muka je tankin ruwa muka dawo. Muka sake zuwa muka dawo. Takalmin ya fara da dunduniya, ya koma kan ɗan yatsa, ina ji fata tana saɓulewa. Ina ta satar kallon masallaci, ko alamar ladan babu, rana ta ƙi faɗuwa. Na yi zancen mangwaron, ya gyaɗa kai. Na yi zancen yadda alhazan Dei-Dei suke ƙaunarsa, ya gyaɗa kai. Gumi ya jiƙa mini kaftani har baya, na fara ɗingishi, ga yara suna kallo. Raina ya ɓaci, da shi, da littafin, da wanda ya ƙera takalmin, da wanda ya fara kawo shawarar a buɗe sashen.

Daidai wani kwalbati na tsaya, na zauna daɓas, na fizge takalman na ajiye a gefe. Safata har da jini. Ban san lokacin da bakina ya kubce ba. Na ce, "Malam, don girman Allah ka zauna ka ƙara mana shekara. In ka tafi rufe mu za a yi. Na gaji, ƙafata ta mutu, ka ce e ko a'a."

Ina rufe baki na ji kunya ta lulluɓe ni. Na ce shi ke nan, na zubar wa dattijo da mutunci a bakin titi.

Bai yi fushi ba. Ya ajiye filas ɗinsa, ya zauna kusa da ni a kan kwalbatin, ya daɗe yana kallon ƙafata. Sannan ya ce, "Oga, na gode da ka faɗa. Ni ma tun farkon damina nake so in gaya maka wata magana. Kullum in na kawo ka ƙofa sai in ce yau zan faɗa. Sai ka kawo mini itace, ko riga, ka yi zancen baɗi, sai in kasa. Na ce bari in yi ta ba ka kayana, za ka gane."

Na ce, "Wace magana?"

Ya ce mahaifiyarsa tana raye, ta tsufa ƙwarai, a hannun ƙanwarsa take. Tun bara ta fara mantuwa, ta ajiye abu ta rasa, ta ɗora tukunya ta bar ta. Yanzu abin ya kai ga mutane. Ta manta maƙwabta, ta manta jikoki. Da ya buga waya kwanan baya aka ba ta, ta yi ta hira da shi da fara'a, sai can ya gane da mahaifinsa take magana, wanda ya daɗe da rasuwa. Ya ce ƙanwarsa ta gaya masa da safe takan dawo hayyacinta, ta tambayi ina ɗanta, amma safiyar tana ta raguwa.

Ya ce, "Ina so in je tun tana iya gane ni. Amma na san abin da zai faru da sashenka. Ka karɓe ni hannu biyu. In ka ce in zauna, zan zauna."

Ya faɗa yana kallona, kuma na san da gaske yake. Amsar da na yi mako da makonni ina farauta da mangwaro da doya, ga ta an miƙo mini a hannu. Kalma ɗaya zan ce, gobe in shiga ofishin shugaban tsangaya ina taƙama.

Tawa uwar ina karatu a kudu ta rasu. An aiko mini cewa jikin ya tsananta, na kwana a mota, na iso ana dawowa daga maƙabarta. Shekaru sun wuce, na yi aure, na yi furfura, amma har gobe in na ga mutum zai je gaida uwarsa sai na ji hassada. A kan kwalbatin nan abin ya taso mini sabo, idona ya cika, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Na ce, "Malam, kai ma dai. Uwa ce fa. Me kake yi a nan kana bin ƙato kamata kuna zagaya unguwa? Ka gama duba takardun yaran nan ka kama hanya. Da ina iya bambance saman rubutunku da ƙasansa, da ni zan duba maka ka tafi gobe."

Ya ce, "Sashen fa?"

Na ce, "Sashe ya ci gidansu."

Ban san yadda ake faɗin wannan da Turanci ba, da Hausa na faɗa, amma ya gane. Ya kama hannuna da hannu biyu ya riƙe. Muna nan zaune har aka kira magariba, na tafi masallaci ba takalmi, yana biye da ni da su a hannu.

Da safe na shiga wurin shugaban tsangaya da silifa. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Expert, yaya? Ka tambaye shi?"

"Na tambaye shi, ranka ya daɗe."

"Ta ce me?"

"Ya ce in na ce ya zauna zai zauna."

Ya buga tebur don murna. "Very good!"

Na ce, "Ni kuma na ce ya tafi."

Ya tsaya da baki buɗe. "Dakta, mun aike ka ka riƙe mutum, ka je ka kore shi?"

Na ba shi labarin tsohuwar, yadda na ji shi. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe bai mayar ba. Can ya ɗaga waya ya ce a tanadi motar tsangaya da direba ranar da Malam zai tafi filin jirgi. Ya ajiye wayar ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "History suna da ƙarancin malamai dama. Next semester ka koma."

Haka aka yi. Aka raba ɗalibanmu zuwa wasu sassa, alhazan Dei-Dei suka koma hannun tafintoci, ofishin aka ba wa wani sabon sashe na harkar kwamfuta. Na ɗauka kujerar ce za ta fi yi mini ciwo, har na shirya yadda zan daure a gaban mutane. Ranar da jirginsa ya tashi, na dawo gida, na yi la'asar, na sa takalmi na fito ƙofa. Na tsaya ina duban hanya. Matata ta leƙo ta ce ina za ni, sai a lokacin na tuna babu wanda zan raka.